Ɗigo Biyun Malam Njidda

Ni dai tun ranar da aka sauke kwamfutocin nan a ofishinmu na ce za a yi abin kallo, kuma an yi. Abin da ban zata ba shi ne daga yatsun Malam Njidda abin zai ɓullo.

Ofishin namu gidan haya ne a unguwar Barade a Jalingo, na wani aikin noman fadama da Turawa suka ɗauki nauyinsa. Ni ce mai buga takardu. Sunana Beatrice, 'yar Tibi ce ni, amma a Jalingo aka yanke mini cibiya, saboda haka kada wani ya zo mini da gorin Hausa. Malam Njidda kuwa shi ne akawun fayil. Tun ana jihar Gongola yake wannan aiki a Yola. Da aka yanki Taraba, shi ya rako fayilolin ma'aikatarsu har Jalingo a bayan babbar mota, ruwa na dukansa, ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe takardun gwamnati da ita. Da ya gama da gwamnati sai aikin namu ya ɗauke shi. Dogo ne siriri, hula kullum a karkace, tabarau a kan hanci, ga taƙama irin ta wanda bai taɓa ɓatar da takarda ba.

Kun san akwai wasa tsakanin Tibi da Fulani. Wai kakanninsu sun ba namu ajiyar shanu, da suka dawo karɓa aka ce musu an ci. To ni da Malam Njidda da wannan muke buɗe ofis kowace safiya. Yana jingine kekensa zai ce, "Biyatiris, ina shanuna?"

"Mun ci, Baffa. Har romon mun shanye."

"Allah ya isa."

"Amin, Baffa, ya isar maka da wasu mu ƙara."

Akwai wata ɗabi'a tasa da dole in faɗa muku, don a kanta komai ya rataya. Malam Njidda ba ya rubuta abu sau biyu. Tun yana ɗan akawu aka koya masa cewa in kalma ta zo a layin sama, ba a sake rubuta ta a layin ƙasa, sai a ɗiga ɗigo biyu a ƙarƙashinta, ma'ana haka nan, kamar na sama. Dito ake ce wa abin. Wasu 'yan sanduna biyu suke yi, shi kuwa ɗigo biyu ne tsaf da bakin biro. Har ya shiga bakinsa. In mun je wajen mai tuwo na ce a zuba mini da miyar kuka, shi sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Dito." In ka tambaye shi gajiya ya ce babu, ka tambaye shi iyali, to "dito" za ka ji. Ya kan ce akawun kirki ba ya wahalar da tawada.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, da damina, aka kawo mana kwamfutoci, aka kuma kawo mai kula da su. Sirajuddeen sunansa, ɗan unguwar Sarkin Dawaki, ya yi karatun kwamfuta a jami'a, ga shi da fara'a, ga rawar kai. Bafulatani ne shi ma, amma irin na gari, wanda Fulatancinsa bai wuce "jam" da "useko" ba. Ya bi bango da wayoyi ya haɗa injunan duka, ya ajiye babbar a ɗakin ajiya. Intanet ɗin da ake ta faɗa a rediyo mu sai labari, amma Siraj ya ce ya yi mana namu ɗan ƙarami na cikin gida. Ya tsara wani shafi da ya sa wa suna Rumbu. In ka buɗe shi a kowace kwamfuta za ka ga ɗan akwati fari. Ka rubuta sunan takardar da kake so a ciki, ka danna, sai ta sauko maka daga babbar injin har gabanka.

Ranar da ya fara nuna mana, Malam Njidda ya tsaya a baya, hannuwa a goye, yana kallon abin kamar an kawo masa maganin da bai yarda da shi ba.

"Baba," in ji Siraj, "a ce kana son fayil ɗin taki. Sai ka rubuta taki."

"Wane takin? Na bana, na bara, ko na shanu?"

"To, sai ka rubuta taki98."

"Yaro, fayil ba akuya ba ne da za a raɗa masa suna. Lamba gare shi. FDM sitirok TAKI sitirok 2. Haka aka haife shi, haka zai mutu."

Sitirok ita ce 'yar sandar nan karkatacciya da ake raba lambar fayil da ita. Siraj ya yi bayani cewa ya sa wa akwatin mai gadi, wato wani ɗan sharaɗi a cikin shirin da ke duba duk abin da aka rubuta, ba ya barin komai ya wuce sai baƙaƙe da lambobi. Sitirok ba ta wucewa.

"To mai gadinka bai san aikin ofis ba," in ji Malam Njidda. Ya juya ya koma teburinsa.

Na zaci Siraj zai tsaya kai da fata, don na ga yadda yake musu da direbobi a kan ƙwallo. Ina! Washegari sai ga shi ya jera foldoji a cikin injin daidai da tsarin tsohon, FDM a waje, TAKI a cikinta, lambobi a ciki. Har ya koya wa Rumbu cewa ko mutum bai rubuta wutsiyar sunan ba, wato 'yan baƙaƙen ƙarshe da ke nuna irin fayil ɗin, ya cika masa. Na ce, "Mai gadin fa? Ka koya masa sitirok?"

"Anti, koya masa zai ɗauki lokaci. Na sallame shi gaba ɗaya tukuna. In an kwana biyu zan mayar da shi."

Na ce to. Ni me na sani? Amma na san abu ɗaya, na san dalilin wannan saurin biyayya. Hamna, 'yar Malam Njidda, malamar firamare ce a Kachalla Sembe, kuma in an tashi makaranta ita ke biyowa ta ajiye wa babanta abinci. Duk ranar Allah, daidai lokacin zuwanta, wayar da ke bakin ƙofa sai ta lalace. Siraj zai durƙusa a wurin da sukudireba yana gyaran abin da lafiyarsa ƙalau. Ita kuma kwanon da ajiyewarsa ba ta wuce ƙiftawar ido ba, sai ta ɗauki lokaci tana gyara masa murfi. Ban da wannan, in an fita hutun rana sai ya kulle kansa a ɗakin ajiya da makirfo, wai yana gwada sauti. Bakina da kaifi, amma na san inda ake ajiye shi.

Shugabarmu Madam Victoria ce, 'yar Wukari, mace mai kirki in ba ta firgita ba, sai dai kullum a firgice take. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji. Wata Litinin ta tara mu ta ce saƙo ya zo daga Abuja, mai duba aiki zai zo ƙarshen wata, kuma an ce duk ma'aikacin da ba zai iya sauko da fayil daga kwamfuta da hannunsa ba, ba za a sabunta masa aiki ba.

"Ba ni ne na faɗa ba," in ji ta, tana kallon silin don kada ta kalli wanda kowa ke kallo. "Kwamfuta shi ba ta san tsoho ba, ba ta san yaro ba. Kowa ta koya."

Malam Njidda ya yi dariya ya ce ai shi tafireta ma da ta zo an ce za ta kori akawu, ga shi nan. Amma da aka watse na shiga ɗakin fayil neman takarda, na tarar da shi zaune shiru, ya dafa teburinsa da hannu biyu. Bai ji shigowata ba. Mutumin nan ba shi da gona, shanun da muke wasa a kansu tun zamanin kakansa suka ƙare. Kujerar nan ita ce komai nasa. In an raba shi da ita, ban san abin da zai tashi da safe ya yi ba, kuma na tabbata shi ma bai sani ba. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, sai na rufe da tsiya, don ita ce kawai zai karɓa daga wurina.

"Baffa, in sun kore ka ka zo gidanmu kiwon alade."

"Tir! Bakinki ya sari ɗanyen kashi."

"To tashi mu je a koya."

Koyon nan, Allah ya ba mu lada. Ɓeran kwamfuta, ɗan abin nan da ake turawa da hannu, ya ƙi jinin Malam Njidda, shi ma ya ƙi jininsa. In ya kama shi sai ya matse kamar zai gudu, kibiyar ta tsallake allo ta ɓuya a kusurwa. Baƙaƙen kuwa da yatsa ɗaya yake farautarsu, yana ƙorafin wai an watsa su ba bisa tsari ba, A a nan, B can ƙasa, wane jahili ne ya jera su. Siraj yana tsaye a bayansa, gumi na zuba, ba abin da yake cewa sai "Madalla, Baba, saura kaɗan." Ni da na yi kuskure ɗaya a makon farko sai da yaron nan ya yi mini lacca.

A ƙarshe dai tsoho ya iya. FDM/TAKI/2. Ya danna, takarda ta sauko, ya jingina da kujera yana shafa gemu kamar shi ya ƙera injin. Daga ranar kullum sai ya zo ya sauko da ita, ya rufe, ya tafi. Fayil ɗaya tak ya haddace. Ba wanda ya yi tunanin ya ce masa ya kawo wani a bayansa, har da ni mai ganin kaina da wayo.

Ranar da baƙon zai zo an share ofis har bayan gida. An cika janareta da mai. Siraj ya fito da kwamfuta ɗaya falo, ya haɗa mata sifikoki biyu manya da ya aro, don ta yi wa baƙo kiɗan maraba. Baƙon Mista Matiyu ne, gajere mai tabarau, ba ya dariya kuma ba ya faɗa, irin mutanen da ba ka sanin inda ka tsaya da su. Siraj ya zagaya da shi, ya nuna masa Rumbu, baki har kunne. Mista Matiyu ya ce in abin yana da kyau za a kai shi sauran ofisoshin aikin, a tafi da mai shi Abuja ya koyar. Sannan ya tambaya ko a tsare yake.

"Yallaɓai, a kulle yake gam," in ji Siraj. "Abin da ke cikin Rumbu kawai yake bayarwa. Ko aljani bai isa ya wuce nan ba."

Aka fara gwaji. Na yi nawa, mai kula da sito ya yi, malaman gona suka yi. Hamna ta shigo da kwano ana tsakiyar abin, ta ga taro, ta rakuɓe a bakin ƙofa. Sai aka kira Malam Njidda. Ya sha farar riga da guga, ya zauna, ya yi bisimilla a fili.

"Kawo mini fayil ɗin taki na biyu," in ji Mista Matiyu.

Na kusa yin guɗa. Yatsa ɗaya ya shiga farauta, F, D, M, sitirok, har ƙarshe. Ya danna. Takarda ta sauko. Madam ta sauke numfashi har sai da muka ji.

"Da kyau. Yanzu kawo na ɗaya."

Malam Njidda ko gezau. Ai wannan aikin akawu ne, ba na injiniya ba. FDM ya riga ya zo a sama, TAKI ya riga ya zo a sama, wane ne zai sake rubuta su? Ya ɗiga ɗigo biyu, sitirok, ɗigo biyu, sitirok, ɗaya. Ina tsaye a bayansa na ga abin a allo, ../../1, kuma wallahi ban ga laifinsa ba, don haka na saba gani a takardunsa. Ya danna da ƙarfinsa.

Takarda ba ta sauko ba. Wani ɗan akwati ne ya buɗe, sifikokin aro suka yi ƙara, sai muka ji an yi gyaran murya. Murya ce da kowa a ɗakin ya sani.

"Gwaji, gwaji. To. Salamu alaikum, Baba. A waali jam? A'a, ba haka ba. Baba Njidda, a waali jam? Na zo ne... wato iyayena za su zo... Kai, Siraj, ka nutsu mana. Baba, ni dai ina da aiki, ba na shan taba, kuma tun ranar da na fara ganinta da kwanon nan... Mi yiɗi... mi yiɗi... ina son... ita. Wato ita ɗin. Wayyo Allah, in ya kalle ni ta saman tabarau na mutu."

Jama'a! Mai kula da sito ya cusa hularsa a baki. Ni na ciji leɓena har sai da na ji gishiri. Na waiga bakin ƙofa, kwano na nan a ƙasa, Hamna kuwa ko ƙurarta. Siraj ya yi tsalle ya fizge wayar sifika, amma aikin gama ya gama. Ya nufi ƙofa shi ma, kai a sunkuye.

Madam ce ta fara farfaɗowa, kuma ta farfaɗo a firgice.

"Malam Njidda! Me ka taɓa? An ce ki kawo fayil, ka je ka kunna kaset! Ka ɓata injin a gaban baƙo!" Ta juya wajen Mista Matiyu. "Yallaɓai, ka yi haƙuri. Injin lafiyarsa ƙalau, ka gani da idonki kowa ya yi. Tsohon ne ba ta iya ba."

Mista Matiyu ya leƙa allon, ya ga ɗige-ɗige, ya girgiza kai, ya zare murfin bironsa. Dariyar da ke cikina ta mutu nan take. Malam Njidda yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa. Kunya biyu ta haɗu masa, ta maganar 'yarsa a bainar jama'a da ta faɗuwa a gaban yara. Kuma shi kansa ya yarda shi ne ya yi ɓarna. Na ga yana lallaɓa aljihu yana neman makullin ɗakin fayil, zai ajiye musu. Raina ya ɓaci. Ban san abin da ya faru ba.

Mutum ɗaya ne ya sani, kuma ƙafarsa ɗaya tana waje. Da ya ƙarasa fita, shi ke nan, an ce tsoho ya danna shirme, Rumbu ya tafi Abuja da mai shi. Ya daɗe a bakin ƙofar nan. Sannan ya juyo.

"Yallaɓai, kada ka rubuta. Baba bai ɓata komai ba. Laifin shirina ne."

"Yi bayani," in ji Mista Matiyu.

Siraj ya shiga bayani. Ya ce a wurin Baba ɗigo biyu na nufin kamar na sama. A wurin injin kuwa ɗigo biyu na nufin fita daga wannan folda ka koma wadda ke bayanta. Baba ya faɗa sau biyu, injin ya ja da baya sau biyu, ya fita daga Rumbu gaba ɗaya ya shiga inda shi Siraj ke ajiye kayansa. Can ya tarar da wani abu mai suna 1, ya ɗauko.

"Shirin kamar ɗan aike ne marar wayo," in ji shi. "Duk sunan da aka ba shi, ba ya tambaya, zuwa yake ya ɗauko. Da akwai mai gadin da ke duba sunan kafin a aike shi. Ni na cire shi don sitirok ta wuce, na ce zan mayar, ban mayar ba."

"Wato duk wanda ya zauna a kowace kwamfuta a gidan nan zai iya yin haka?"

"E, yallaɓai."

"Me kuma ke cikin babbar injin?"

Siraj ya shiga lissafowa. "Komai. Takardun sirri na ma'aikata. Kalmomin shiga na kowa. Foldar Madam."

"Foldar wa?" in ji Madam. Ta dafe ƙirji ta nemi kujera. "Yesu! Kai Siraj, kin kashe ni."

"In mutum ya san sunan abu, ko ya yi ta cinka har ya dace, zai sauko da shi. Yau Allah ya sa a kaina ya faɗa."

"Kaset ɗin akwai na biyu da na uku ke nan?" Ni ce na tambaya. Ban iya riƙewa ba.

"Anti, don girman Allah."

Mista Matiyu ya cire tabarau ya goge. Ina jin dariya ce yake gogewa, amma ba zan rantse ba. Ya ce Rumbu ba zai je ko'ina ba sai an mayar da mai gadi, an koya masa ya karɓi sitirok ya ƙi ɗigo biyu, kuma a hana shirin leƙa ko'ina a wajen foldarsa ko da an roƙe shi. Maganar Abuja a ajiye ta tukuna. Siraj ya ce to, a hankali. Na ga abin ya yi masa ciwo, don ya riga ya gaya wa duk unguwarsu.

"Saura kai, Malam," in ji baƙon. "Har yanzu ban ga fayil na ɗaya ba. Rubuta sunan duka."

Malam Njidda ya ɗago. "Yallaɓai, ai yana sama. Akawu ba ya rubuta abu sau biyu."

"Injin ba akawu ba ne."

Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Baffa, ka rubuta, ko in je in share maka wuri a garken alade."

Ya harare ni. Ya kalli allon, ya kalli ƙofar ɗakin fayil ɗinsa da ke buɗe, ana hango kujerar da matashin da ya lotsa. Ya mayar da makullin aljihu. Yatsan nan ya tashi, ya shiga nema. F. D. M. Bai taɓa yin abin da ya yi masa wuya irin wannan ba, na gani a fuskarsa, kamar ana sa shi ya ci da hagu. Ba wanda ya yi tari har ya kai ƙarshe. Ya danna, takardar taki ta ɗaya ta sauko, mai kula da sito ya yi kabbara. Mista Matiyu ya yi ɗan rubutu ya ce, "Ya wuce." Ni kuwa sai ga hawaye, na ce hayaƙin janareta ne.

Bayan la'asar baƙo ya tafi, Madam ta kulle kanta a ofis tana shan maganin ciwon kai. Na fito na tarar da Malam Njidda a gindin mangwaro yana ɗaure kwanon abincin a bayan keke. Siraj yana can nesa, yana son wucewa, hanya kuma ɗaya ce. Na tsaya gyaran ɗaurin ɗankwalina, wanda lafiyarsa ƙalau.

"Zo nan," in ji tsohon.

Ya zo ya durƙusa har ƙasa.

"Da yaushe ka yi niyyar zuwa gidan nawa?"

"Da... da yamma, Baba."

"To a waali jam gaisuwar safe ce. Ka zo mini da ita da yamma, yaran unguwa su yi maka ihu. A nyalli jam ake cewa. Faɗi."

"A nyalli jam."

"Kamar Batibi. Amma za a gyara."

"Baffa, ina jin ka fa," na ce.

Bai kula ni ba. Ya gama ɗaurin, ya gwada ƙarfin igiyar, ya daɗe yana kallon sirdin keken. Fulani ba sa godiya da baki a irin wannan wuri, kuma ba sa kiran sunan 'ya'yansu a gaban mai nema. Na san abin da ke cikinsa, na kuma san ba zai fito ta hanyar da aka saba ba.

"Ka mayar da mai gadin naka?"

"Yau zan mayar, Baba, kafin in tafi gida."

"Ɗigon nawa ba zai ƙara wucewa ba ke nan."

"Ba zai wuce ba, Baba. Ka yi haƙuri."

"Ba komai. Gobe zan zo aiki, ai ya isa." Ya hau keken, ya sa ƙafa ɗaya a feda, sannan ya kalli yaron ta saman tabarau, daidai irin kallon da ya ce zai kashe shi. "Ka turo manyanka. Amma na saurari kaset ɗin nan da kyau, ban ji suna ba. Ita, ita ɗin. Yaro, 'ya'yana mata biyu ne a gida, kuma ɗayar ta fi Biyatiris baki. Ka gaya wa manyan naka su faɗi suna cikakke, kada a sauko maka da wadda ba ka nema ba."

Ya taka kekensa ya bar Siraj a durƙushe.